Naman da Baba Ya Ƙi Ci

Kwanan baya ɗan ƙanena, wanda yake aikin gwamnati, ya kawo mini nama a cikin wata takarda mai walƙiya, an naɗe shi tsaf kamar maganin asibiti. Ya ce daga sabon wurin da aka buɗe a bakin titi ne, wai duk Dutse yanzu babu kamarsu. Na ce to ya kai ni in gani da idona. Muka je bayan la'asar. Wuri ne mai tsafta, ba zan rage musu ba, ma'aikata da fararen riguna da safar hannu, ga gilashi an kare naman daga ƙuda. Amma da na tsaya na kasa kunne, ban ji komai ba sai hucin gas. Babu ƙarar kitse yana ɗiga a garwashi, babu tartsatsi, babu ko tarin mai gashi. Nama yana nuna shiru kamar gidan da aka yi rasuwa. Ɗan ƙanen nawa ya dube ni yana jiran yabo, ya ce, "Baba, ku da kuka yi sana'ar nan, tsakani da Allah a ina aka fi iya gashi a ƙasar nan?" Na ce masa zan yi tunani. Tun ranar nake tunanin, ga kuma inda ya kai ni.

Mu mahauta ne, gadon fawa muka yi. Lokacin da na yi wayo Dutse ba ta wuce garin da mutum zai zagaye da ƙafa tsakanin azahar da la'asar ba, in ya gaji ya zauna a gindin dabino. Mahaifina yana da murhunsa na ƙasa a ƙarƙashin wata tsamiya a kan hanyar Limawa, da waya shimfiɗe a sama, nesa da wuta da kusan kamu ɗaya. Balangu yake yi, wato manyan shimfiɗun nama da ake gasawa a hankali, a yayyanka wa mai saye gwargwadon buƙatarsa. Ba ya sa komai sai gishiri, yaji kuwa a gefen takarda yake zuba shi, wanda ya ga dama ya dangwala. Da sassafe abin da ke tashin mu shi ne ƙarar wasa wuƙa a kan dutse, sai kukan akuyar da aka ɗaure tun jiya, sai sautin gatari a kan itacen marke. Marke ko ƙirya, waɗannan biyun kaɗai yake yarda su shiga murhunsa, kuma ba ya ɗora nama sai harshen wuta ya mutu, garwashi ya yi fari a sama ja a ciki. Aikina a shekarun nan shi ne faskare, ɗiban ruwa, da yanka takardar siminti ta naɗin nama. Na tsani faskaren marke, don itace ne mai taurin kai, har yau akwai kanta a tafin hannuna da ban san ko ta wuƙa ce ko ta gatari ba.

Abin da ya bambanta Baba da sauran masu gashi shi ne kunnensa. Yakan ɗora nama ya juya masa baya yana hira da mutane, ana cikin magana sai ya ɗaga hannu, ya waiwaya ya juya cinya ɗaya, ya dawo ya ɗora zancensa daga inda ya tsaya. Ya ce da farko nama ruwa yake zubarwa, ƙararsa kamar yayyafi a kan kwano. In ruwan ya ƙare sai ya yi shiru na ɗan lokaci, a nan masu gaggawa suke juyawa su ɓata aiki. Sai kitse ya fara ɗiga, ɗaya-ɗaya, da nauyi, to lokacin ne naman yake kiran mai shi. Ni dai a lokacin duk ƙara ɗaya nake ji, kuma a raina ina cewa tsohon nan yana ƙara wa abu gishiri ne kawai don a ce ya iya.

In ana hirar gashin wasu garuruwa, Baba ba ya barin kowa ya tsira. Ya ce Bakano ba ya yarda nama ya fita tsirara, sai ya sa masa riga uku, ta ƙuli da ta mai da ta yaji, har mai ci ya rasa sa yake ci ko raƙumi. Mutanen Haɗeja kuwa ya ce a bar musu kifi, su suka san yadda hayaƙi yake shiga abu bai ƙona shi ba, amma in ka ba su rago sai su tsaya neman ƙayarsa. Na arewa da mu, wajen bakin iyaka, ya yarda sun iya kilishi, sai dai ya ce rana ce take yi musu rabin aikin, su kuma su karɓi yabon duka. Direbobin manyan motoci da suke zuwa daga kudu suna son albasa da barkono har sai hawaye ya zubo, ya ce waɗannan faɗa suke nema da bakinsu. Gashin tukunya kuwa cewa yake dahuwa ce da take jin kunyar sunanta. Fulanin wajen Miga kaɗai yake yi wa shiru. Su sukan soke tsoka a sanda su jingina ta gefen wuta, su barbaɗa gishiri, su zauna su jira. Ya ce mutumin da ya san saniya tun tana maraƙa ba a yi masa wayo da yaji.

A cikinsu yana da aboki, wani dattijo dogo siriri da muke kira Baffa, Baba kuma yana ce masa Arɗo. Duk ranar kasuwar Shuwarin, in ya gama da dabbobinsa, sai ya ƙaraso Dutse takanas don balangun Baba. Ba ya ciniki, ba ya nuna inda za a yanka masa. Zama yake a kan buzu ya jingina sandarsa da tsamiya, Baba ya yanko ɗanɗano a bakin wuƙa ya miƙa masa, ya tauna a hankali yana kallon ƙasa, sannan ya ce, "Wannan tunkiya ce, kuma ta sha ruwan fadama." Baba ya yi dariya ya ce, "Arɗo, saura ka gaya mini sunan uwarta." Haka suka yi shekara da shekaru.

Da na tasa, sai na ga Dutse ta yi mini kaɗan. Na tafi Kano na zauna wurin wasu 'yan uwan mahaifiyata masu tsire, na koyi fere nama siriri, da soke shi a tsinke, da birkiɗa shi a garin ƙuli, da kafa tsinkaye a tukuba kewaye da wuta. Gaskiya tsiren Kano in aka yi shi da tsoron Allah abin so ne, kuma na iya shi. Ina can aka yanka mana jiha aka ce Dutse ce babban birni. Sai ga motoci suna kwararowa ɗauke da tebura da kujeru da ma'aikata, mutanen da suka baro iyalansu a Kano don babu gidan da za su sa su. Gwauraye ne na dole, babu mai dafa musu, ga albashi a aljihu, ga bakin da ya saba da tsire. Na tattara na dawo gida da tsinkayena da faɗin rai.

Ranar da na fara gashi na zaɓi tsinke biyar mafi kyau na kai wa Baba. Ya karɓa, ya juya su, ya sunsuna, ya ce, "Bakano, sannu da zuwa." Tun daga ranar sunana ke nan a bakinsa. Ya ciri yanka ɗaya ya ci, ya ce ba laifi, naman saniya ne, wajen cinya, kuma na yau ne. Na ji daɗi ƙwarai, don ban san shi ne na ƙarshe da zai ci daga hannuna ba sai bayan shekaru masu yawa.

Abin da ya raba mu shi ne wurin da na kafa tukuba. Akwai wani otal a gefen gari inda ake sayar da giya, ma'aikata da 'yan kwangila suna taruwa in an tashi daga aiki. Mai wurin ya ba ni gefen ƙofa. Ni ban taɓa sha ba, ban ma taɓa wuce ƙofar ba, kuma da wannan nake kare kaina. Da Baba ya ji, ya kira ni zaure. Na zaci wa'azi zai yi mini, na shirya amsoshina, amma abin da ya faɗa daban ne. Ya ce, "Hisabinka da Allah kai ka sani, kai ba yaro ba ne. Ni abin da nake ji maka, mutanen nan bakinsu a mace yake zuwa wurinka. Duk abin da ka ba su za su ce ya yi daɗi. In ka daɗe kana ciyar da wanda ba ya jin ɗanɗano, kai ma hannunka zai daina ji." Na ce, "Baba, zamani ne ya canja, mutane ba su da lokacin zaman jiran balangu." Ya ce, "To, Allah ya ba da sa'a."

Daga nan ya daina cin namana. Bai yi rantsuwa ba, bai yi fushi da ni a fili ba, muna gaisawa, muna salla sahu ɗaya. Kullum ina aika ƙunshi gida da sunansa, kullum yana karɓa ya ce an gode, ya miƙa wa jikoki. Na yi aure da wannan sana'a, na yi ɗaki na bulo, na sayi babur, na ɗinka masa riguna yana sawa. Amma naman nan ko sau ɗaya bai kai bakinsa ba. Abin yana cina, ba zan ɓoye ba. Duk garin ana layi a gaban tukubata, mutum ɗaya da nake so ya ce ya yi, shi kuma ya kulle bakinsa.

Kuma abin da ya faɗa ya tabbata, a hankali, yadda ban lura ba. Na fara da ɗumama na jiya in gauraya da na yau, babu wanda ya ce uffan. Na rage ƙuli mai kyau na ƙara magi da barkono, aka ce tsirena ya ƙara daɗi. Marke ya fara wuya, don garin yana faɗaɗa yana cinye dajin da muke samowa, sai na koma duk itacen da ya zo hannu, har da darbejiya da ake sassarewa a bakin sababbin tituna. Duk ɗan mahauci ya san hayaƙin darbejiya yana sa wa nama ɗaci, tun muna yara ake gaya mana. Amma na sa sau ɗaya, na sa sau goma, ba wanda ya dawo da ƙunshi, sai na yanke a raina cewa wannan ma camfin tsofaffi ne.

Da aka zo maganar shari'a, ina cikin waɗanda suka cika fili suna kabbara har muryata ta dushe, kuma har zuciyata nake yi. Sai da na dawo gida ina shan ruwa, mai ɗakina ta dube ni ta ce, "To malam mai kabbara, gobe a ina za ka kafa tukuba?" Wallahi sai a lokacin na tuna da wa nake ciniki. Ba a daɗe ba aka sa wa otal ɗin kwaɗo. Na kwashe kayana na koma bakin kasuwa ina gashi da rana, ina sayar wa mutanen da bakinsu yake a raye. Mutum ya saya yau, gobe in gan shi ya wuce ta gabana yana kallon wani gefe. Ba wanda ya zage ni, kawai ba sa dawowa. Na ɗora wa kasuwa laifi, na ɗora wa gwamnati, na ɗora wa masu baƙin ciki, kaina kaɗai na bari.

A wannan tsakanin yanar ido ta rufe wa Baba gani. Murhunsa ya yi sanyi, kaji suna birgima a tokar. Abin da ya rage masa na aiki shi ne wani rago da ya ɗaure a turke a tsakar gida, yana kiwonsa don layya. Da hannunsa yake dama masa dusa, yana shafa gadon bayansa yana auna ƙibarsa da yatsu, yana yi masa magana kamar mutum. Tun da ya mallaki hankalinsa bai taɓa rasa layya ba, kuma yakan ce wannan shi ne abu ɗaya da mahauci yake yankawa ba don kasuwa ba.

Saura 'yan makonni Babbar Sallah sai ga Baffa da rago a bayan wata mota. Ɗansa da ya yi boko yana aiki a Dutse, yana zaune a Limawa, jikansa kuma ya sauke Alƙur'ani, za a yi walima washegari bayan la'asar. 'Yan uwa za su zo daga Miga da Kiyawa. Ya ce, "Malam, na san idonka ya tafi. Amma na gaya wa mutanena naman wa za su ci, ban iya komawa in ce musu wani abu daban ba." Baba ya ce, "Bar shi, Arɗo. Za a ci." Da Baffa ya tafi ya aika aka kira ni. Ya ce, "Bakano, gobe zan ari hannunka. Balangu za mu yi, gishiri kawai. Ka nemo marke." Na amsa da to, ina jin wani irin daɗi, don na ga ranar da nake jira ta zo.

Na nemi marke na samu, amma ɗan kaɗan, bai kai na rago guda ba. Da safe na yanka, na feɗe, na shimfiɗa naman ya tsane. Na gyara tsohon murhun na gindin tsamiya. Na dubi itacen na ga ba zai isa ba, ga tarin darbejiya busasshiya a gefe wadda nake amfani da ita a kasuwa. Ban ma yi dogon tunani ba, abin da ya fi ba ni kunya ke nan. Na jera darbejiya a ƙasa, na ɗora marke a sama don ido, na hura. Baba yana ciki yana walaha, na ce bari in ba shi mamaki, kafin ya fito aiki ya yi nisa. Wuta ba ta gama kwanciya ba na ɗora ragon gaba ɗaya, kamar yadda na saba yi in mutane sun yi layi.

Mahaifiyata ce ta riƙo sandarsa ta kawo shi. Tun kafin su iso tabarma ya tsaya cak, ya karkata kai. Ya ce, "Me yake tartsatsi?" Na ce, "Marke ne, Baba, bai gama bushewa ba." Ya ce, "Marke ba ya surutu." Ya matso, ya shaƙi hayaƙin sau ɗaya, ya ce, "Sauke." Na sauke. Ya sa na yanko daga awaza, ya ce in ci da kaina. Na ci. Da farko ba komai, sai can a ƙarshen harshe, bayan na haɗiye, ɗacin ya taso ya zauna. Shekara nawa ina ba mutane wannan, ban taɓa tsayawa na ji shi ba, don ni ma da yaji nake ɗanɗanawa.

Duk da haka bakina bai mutu ba. Na ce, "Baba, ɗacin kaɗan ne. Bari in shafa mai, in birkiɗa shi a ƙuli da yaji, wallahi babu wanda zai gane." Ya zauna a tabarma a hankali, ya ajiye sandarsa. Ya ce, "Mutanen da za su ci naman nan daga masallaci za su fito. Kuma wanda ya kawo ragon shi ya karɓi haihuwarsa." Darbejiyar ta ci gaba da tartsatsinta. Can ya juya wajen mahaifiyata ya ce, "A kwanto mini nawa." Ta ce, "Malam, na layyar?" Ya ce, "Shi."

Na roƙe shi. Na ce zan hau babur in nemo wani. Ya ce ba ranar kasuwa ba ce, kuma ko na samo, ba zai ba Arɗo ragon da bai san abin da ya ci ba a madadin wanda aka yi kiwo da hannu. Na ce to in sayo masa wani na layya daga baya. Ya ce, "Layyar da zan yi da ragon da ban ciyar ba, a bakin mutane za ta tsaya. Bana na yafe." Aka kawo ragon. Ya dafa goshinsa, ya shafa wuyansa, ya yi masa wata magana ƙasa-ƙasa da ban ji ba. Ni na sa wuƙa. Maƙwabcinmu ya ji abin da ake ciki, ya tuge wani tsohon turken ƙirya daga garkensa ya kawo, muka haɗa da sauran marken da na ciro daga wuta. Baba ya sa na kwashe tokar murhun kaf, har ƙasan sai da na kankare.

Wannan karon tare muka zauna. Da wuta ta kama na miƙe zan ɗauko nama, ya riƙe mini gefen riga ya ce, "Zauna." Muka jira har harshen ya mutu. Ya miƙa tafinsa saman wayar, ya janye, ya kama nawa ya kai wurin, ya ce in riƙe wannan zafin a kaina. Da na ɗora naman ya ce, "Idonka ne yake sa ka gaggawa. Juya masa baya." Na juya baya, ina fuskantar hanya, mahauci ɗan mahauci mai 'ya'ya uku, mutane suna wucewa suna kallona. Na ji yayyafin nan a kan kwano. Na ji ya tsagaita. Shirun ya yi tsawo har na tabbata naman ƙonewa yake, na yunƙura, ya sake jan rigata. Sai na ji ɗigo ɗaya, mai nauyi, ya faɗa garwashi. Sai wani. Na waiwaya ban jira ya ce komai ba, na juya cinyar da ke hannun dama. Sai ya saki rigar. Haka muka yi tun walaha har inuwar tsamiya ta koma gabas. Aka kira azahar muka yi a nan gefen murhu. Ban taɓa yin yini mai tsawo irin wannan ba, ban kuma taɓa jin kunya da natsuwa sun haɗu mini a wuri ɗaya kamar ranar ba.

Gab da la'asar Baffa ya zo ɗauka. Na so a yi shiru da maganar, amma Baba ya gaya masa komai tun kafin ya zauna: ragonsa ya lalace a wuta, wannan wani ne. Bai ce laifina ba ne, cewa ya yi mun yi kuskuren itace. Baffa ya dubi naman, ya dubi ƙofar gidanmu inda ake hango turke babu komai sai igiya, ya gane. Ya buɗe baki zai yi magana, Baba ya ce, "Arɗo, in ka ce komai mun ɓata." Ya haɗiye maganarsa. Na yanko ɗanɗano a bakin wuƙa na miƙa masa da hannu biyu. Ya tauna yana kallon ƙasa kamar yadda ya saba, ya daɗe, sannan ya ce, "Dusa da harawa, ba ya yawo. Malam, ido ya tafi amma hannu yana nan." Baba ya ce, "Ba hannuna ba ne." Baffa ya ɗago ya dube ni, ya gyaɗa kai sau ɗaya.

Muna naɗe naman a takarda ana jerawa a kwando, sai na ji Baba ya yi gyaran murya. Na waiwaya na ga ya miƙo hannu, tafinsa a buɗe, yana fuskantar inda yake zaton nake. Ya ce, "Yanko mini." Na tsaya riƙe da wuƙa na rasa inda zan yanka. Na zaɓi wuri mai laushi a gadon baya, don haƙoransa sun ƙare saura kaɗan, na sa masa a hannu. Ya kai baki. Ya daɗe yana taunawa, ni kuma ina tsugune a gabansa, hayaƙi ya ba ni dalilin goge ido. Da ya haɗiye ya ce, "Gishirin ya ɗan yi yawa." Sannan ya sake miƙo hannun.

Naman da na ɓata ba a zubar ba. Mahaifiyata ta wanke shi ta yi ta sa mana a miya, muka yi kwanaki muna cin ɗacinsa, ba wanda ya yi ƙorafi a gabana. Ranar Sallah kuwa, da aka sauko daga idi kowane gida yana yanka, Baba ya zauna a zaure da sabuwar rigarsa yana amsa barka da sallah, yana sauraron kukan ragunan maƙwabta. Na yanka nawa na ce da sunan gida ne duka, ya ce Allah ya karɓa. Wata Sallar ba ta same shi ba.

Na ci gaba da gashi a gindin tsamiyar nan har aka zo faɗaɗa hanya aka sare ta. Ban daina tsire ba, na dai koma yin sa yadda aka koya mini tun farko, balangu kuma ranar kasuwa. Yanzu ƙafa ta hana ni tsayuwa, marke kuwa sai a yi tafiya mai nisa kafin a ga guda. Ba na cewa na yanzu ba su iya ba. Suna da tsaftar da ba mu da ita, kuma ba sa tari irin namu. Ina dai tausayin wanda zai koyi gashi a wutar da ba ta magana, don ban san da me zai gane lokacin juyi ba in ya tsufa idonsa ya tafi.

Da ɗan ƙanena ya dawo neman amsarsa, na ce masa in tsire yake so ya tafi Kano, in kifi ne ya nufi Haɗeja, in kilishi ne ya yi arewa, in kuma ya samu Bafulatanin da zai gayyace shi suna a wajen Miga, kada ya ce yana da aiki. Ya ce wannan ai kowa ya sani, shi wanda ya fi duka yake tambaya. Na ce masa an gasa shi sau ɗaya a kan hanyar Limawa, ni ko loma ban samu ba, kuma wanda ya ci ya ce gishirinsa ya yi yawa. Ya yi dariya, ya zaci zolaya ce. Ban yi masa bayani ba. Amma har yau, ko a kwanon tuwo ne, in na ɗebi gishiri sai na mayar da kaɗan.